A Rufe Ƙofar Sito

Har ranar da abin ya faru, Baba Tela bai taɓa neman wani ya zura masa zare a allura ba. Haƙora sun zube, gwiwa tana ƙara in zai miƙe, amma ido garau. Da shi yake taƙama. In jikarsa ta zo tana tsokanarsa, sai ya ɗaga allura sama, ya lashi bakin zare, ya zura shi tashi ɗaya, ya ce, "Amarya, kin ga angon naki? Je ki nemo saurayin da zai iya haka."

"Tsoho da kai!" in ji ta. "Ni mai mota zan aura."

"Mai motar ne zai ɗinke miki kayan makaranta in kin yage su wajen tsalle-tsalle?"

Yarinyar ba ta kai shekara goma ba, kuma tun tana rarrafe yake ce mata Amarya, har sunan ya bi ta.

Bayan rasuwar matarsa, ɗansa na fari ya ɗauko shi daga gidan haya, ya ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, shi da kekensa na ɗinki. Mutane suka yi ta sa wa ɗan albarka. Baba ba ya kama sunan ɗan fari, don haka da unguwa ta fara ce masa Manaja, shi ma sai ya bi. Wai manajan kamfanin sabulu ne. Kamfanin kuwa sito ne guda a ƙuryar gida, ba taga sai wata 'yar kafa can sama da aka toshe da kwali. Ainihin mai kamfanin matarsa ce, wadda matan layi ke kira Madam Kumfa. Ta je wani ɗan gajeren horo ta dawo tana haɗa sabulun ruwa na wanke-wanke, da ruwan wankin banɗaki, da na fararen kaya.

Da farko 'yan aiki take ɗauka. Sai ɗaya daga cikinsu ta bar aiki, ba a jima ba aka gan ta a bakin kasuwa da nata sabulun, kala ɗaya, ƙamshi ɗaya. Madam ta yi kwanaki tana kumfar baki. Daga nan ta kafa doka: bare ba zai ƙara taka sito ba. Ta sa wuƙa ta kankare duk takardun da ke jikin buhuna da jarkoki, har da mai jan zane da hoton ƙoƙon kai, don kada wani ya karanta ya san abin da take sayowa. Doka ta biyu kuma, in ana haɗi, ƙofa a rufe da sakata. Matar mai walda da ke maƙwabtaka da su takan yi shanya a kan katanga, kuma a cewar Madam ba shanyar ke kawo ta ba.

To, wa zai dama? Madam tana da wani ciwon baya da ba ya tashi sai an zo wajen muciya. Manaja kullum yana waje neman kasuwa. Wata safiya ta zo ƙofar ɗakin Baba ta durƙusa har ƙasa, abin da ba ta saba ba.

"Baba, an tashi lafiya? Dama cewa na yi, zaman nan wuri ɗaya ba ya yi wa babba kyau. Da za ka riƙa ɗan juya mana muciya, ai motsa jiki ne. Kuma kai na gida ne, ba za ka kai mu waje ba."

Baba ya ji daɗi, ba a ɓoye ba. Mutumin da ya ci da iyali da guminsa, ya dawo ana miƙo masa kwano, ba ƙaramin nauyi yake ji ba. Ya ce, "Haba 'yar nan, wannan har sai kin durƙusa?"

Aikin ba wuya a ido. Akwai wani farin abu mai kama da sukari da ake jiƙawa a bokiti tun jiya, ya kwana ya huce. Akwai wani mai yauƙi, da wani mai wari da ke hawa kai. Madam ta auna, ta zuba a duro, ta fita, ta ce, "Baba, sa sakata." Shi kuma ya tsaya cikin zafi, ƙarƙashin ƙwan lantarki guda, yana juya doguwar muciya har sai abin ya kama jikinsa. Bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Da ya tambaya, ta yi dariya ta ce, "Baba ke nan. Kai ma kamfani za ka buɗe?"

Hannu ne ya fara nunawa. Fatar yatsunsa ta yi santsi kamar an goge ta, sannan ta bushe, ta tsattsage. In ya yi alwala sai ya ji kamar an watsa masa barkono. Farcensa suka yi laushi suna ɓallewa. Ranar da ya ɗauki allura ya ji ba ya jin ta tsakanin yatsunsa, ya daɗe zaune yana kallon hannun kamar na wani. Rigunansa suka yi huji-huji a gaba, duk inda abin ya ɗiga. Sai tari ya biyo baya, busasshe, wanda ba ya fitar da komai sai hawaye, musamman ranar da aka yi na wankin banɗaki.

Ba wai babu kayan kariya a gidan ba. Akwai su, sababbi fil: farar riga, safar hannu ta roba mai kauri har gwiwar hannu, takunkumi, da wani tabarau mai rufe ido ta ko'ina. Suna cikin leda a saman durowar Madam. Ana sauko da su ranar da za a ɗauki bidiyon talla. Ranar nan kaɗai ake buɗe ƙofar sito, don haske ya shiga, bayan an rufe buhuna da zani. Madam ta sha farar riga, ta zura safa, ta ɗora tabarau, ta riƙe muciya da yatsu biyu, Manaja yana riƙe da waya.

"A kamfaninmu tsafta da kiyaye lafiya su ne gaba da komai," take cewa tana murmushi.

Baba yana rakuɓe bayan ƙofa, tari ya sarƙe shi.

"Kash! Baba, ka ɓata mana," in ji Manaja. "Don Allah ka ɗan riƙe tarin nan har mu gama. Ko ka koma ɗaki tukuna."

Da aka gama, Madam ta tuɓe kayan tana ninkewa. Baba ya matso, ya buɗe mata tafin hannunsa.

"'Yar nan, da za ki ara mini safar nan in zan dama."

Ta leƙa hannun, ta yatsine fuska, ta kau da kai. "Wayyo, sannu Baba. To ai guda ɗaya ce. In ta yi dabbare-dabbare da me za mu yi hoto? Bari in ba ka leda ka riƙa ɗaurawa. Kuma ka riƙa shafa mai, fatar tsufa ce, ba ta son ruwa."

Ya sami ɗansa da maganar a ƙofar gida, yana goge mota.

"Baba, sabulu ne fa," in ji Manaja, bai ko ɗago ba. "Abin da ake wanka da shi. Ka taɓa jin wanda sabulu ya kashe? Bari kasuwa ta ɗan buɗe, injin damawa zan sayo, ka huta gaba ɗaya."

"To ko ƙofar a riƙa bari a buɗe, iska ta shiga?"

"Wannan kuma sai ka yi da ita. Ka san halinta a kan ƙofar nan."

Amarya ce kaɗai ke kama hannun ta duba. Takan zauna kusa da keke tana shafa masa mai a hankali, tana hura masa iska da baki.

"Ango, hannunka ya zama kamar bayan kada. Na fasa auren."

"Ki fasa mana. Ido dai na nan, zan hango wata."

Ranar da abin ya faru, wani otal ne ya yi odar jarkoki masu yawa, kuma direbansu zai zo ɗauka kafin azahar. Da safe Madam ta shiga sito ta fito tana salati: ta manta ba ta jiƙa farin abin nan jiya ba. Ta yi ta zagaye tsakar gida tana yarfe hannu. Can sai ta ɗora tukunya a wuta.

"Baba, taso. Da ruwan zafi zai narke yanzu-yanzu."

Ta juye busasshen abin a bokiti, ta ce ya sunkuya ya riƙe muciya a ciki, yana juyawa tana zubawa. Ta tura ƙofa da ƙafa ta rufe. Sannan ta miƙa hannu daga nesa, ta kau da fuskarta gefe, ta tuttula tafasasshen ruwan.

Bokitin ya yi wata irin gurnani, ya tafaso, ya yi tsalle sama. Baba yana sunkuye a kansa.

Bai san ya yi ihu ba sai da ya ji muryarsa tana dawo masa daga bango. Kamar an soka masa allurai masu zafi cikin idanu biyu, ana juyawa. Ya saki muciya, ya dafe fuska, ya yi karo da duro, ya yi karo da ƙofa, ya faɗo tsakar gida a kan gwiwoyinsa yana kiran sunan Allah.

Ya ji ƙarar famfo, ya ji gudun ƙananan ƙafafu, da ruwa yana fallatsa daga bokiti. Amarya ce. "Kaka, buɗe idon! Kaka, ga ruwa!"

"Ke! Kada ki soma!" Madam ta daka mata tsawa. "Ba ki ga ruwa ne ya tayar da shi ba? So kike ki ƙarasa shi?" Ya ji ƙarar mari, ya ji bokitin ya kife, ruwan ya bi ta ƙarƙashin gwiwoyinsa, mai sanyi, ya wuce zuwa magudana.

Man girki Madam ta kawo ta shafa masa a fuska, ta ɗiga masa madara a idanun, ta naɗe kansa da tsohon ɗankwali. Tana yi tana cewa, "Yi a hankali, Baba, rage murya, maƙwabta na ji." Daga bayan katanga matar mai walda ta ɗaga murya tana tambaya ko lafiya. Madam ta ce, "Lafiya lau, Baba ne ya zame a banɗaki."

Da Manaja ya iso, ya tsaya a kan mahaifinsa yana ta "Innalillahi, innalillahi." Baba ya laluba ya kama ƙafar wandonsa.

"Kai ni asibiti. Idona na ci."

"Yanzu, Baba, yanzu." Sai aka yi hon a waje. Direban otal ne. Manaja ya rage murya. "Ba zai yiwu a fito da shi haka a gaban mutumin nan ba. In ya koma ya faɗa, shi ke nan mun rasa su. A shigar da shi ɗaki tukuna."

Suka kwantar da shi a ɗakinsa, suka ja ƙofa. Yana kwance yana cizon matashi, yana jin su suna haɗa wani sabon bokiti, suna ɗura jarkoki, Madam tana yi wa direba dariya tana ba shi haƙurin jira. Sai da rana ta yi sanyi Manaja ya fita, shi kaɗai, ya dawo da 'yar kwalba daga kemis.

"Me ka ce masa?" Baba ya tambaya.

"Na ce apolo ne. Ai duk maganin ido ɗaya ne, Baba. Ya ce wannan mai ƙarfi ne."

Kalmar apolo ta yi musu aiki fiye da maganin. Duk wanda ya zo gaishe da Baba, sai Madam ta tare shi a ƙofa: "Apolo ne mai tsanani, ana ɗauka, kada ka kai wa yaranka." Mutum ya yi addu'a daga waje ya juya. Aka hana Amarya shiga ɗakin. Takan zo jikin taga ta yi raɗa, "Ango, yau ka gan ni?" Shi kuma ya ce, "Saura kaɗan."

Ba saura kaɗan ba ne. Fatar idanun ta kumbura ta manne. Abin da ke fitowa ya daina zama hawaye. Ɗankwalin yakan kafe a fuskarsa, sai an jiƙa kafin a ɓamɓare. Ɗakin ya fara wani wari da turaren da Madam ke fesawa daga bakin ƙofa bai iya rufewa ba. Takan turo kwanon abinci da ƙafa, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce, "Baba, ai da sauƙi ko? Na ga kumburin ya ragu." Ba ta taɓa matsowa ta gani ba. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne zafin ya fara raguwa, amma duhun bai ragu ba.

Tsohon abokinsa mai gyaran agogo ne ya karya dokar. An mayar da shi daga ƙofa har ya gaji, ran nan ya ture Madam gefe da sandarsa. "Ni apolo ya san ni, na san shi. Matsa mini." Ya shiga, ya ɗaga ƙyallen, ya saki salati da ƙarfi. Ya fito ya sami Manaja. "Kai, ɗan nan, in ba ka kai shi asibiti yau ba, zan tsaya a tsakiyar layin nan in tara maka jama'a."

A mota Manaja ya yi ta share gumi. Da suka kusa, ya rage gudu.

"Baba, don girman Allah ka rufa mana asiri. In ka ce kayan haɗi ne, hukuma za su turo. Ba mu da rajista. Za su rufe sito, su kwashe kaya, wataƙila su tafi da matata. Da me zan ciyar da ku? Makarantar Amarya fa? Ka ce ruwan zafi ne ya fallatsar maka."

Likitar ido mace ce, mai sanyin murya. Ta daɗe tana dubawa da 'yar fitilarta. Sannan ta tambaya, "Me ya shiga idon nan, kuma yaushe?"

"Ruwan zafi ne, likita," in ji Manaja da sauri. "Sai kuma apolo ya hau kai."

"Ba kai na tambaya ba. Baba, me ya shiga idonka?"

Baba ya ji hannun ɗansa a kafaɗarsa, yana matsawa. Hannun da ya taɓa riƙewa ya tsallakar da shi titi zuwa makaranta.

"Ruwan zafi ne, 'yata."

Likita ta ajiye fitilar. "Baba, ruwan zafi yana ƙonawa ya tsaya. Wannan abu ne mai ci, irin sodar da ake sabulu da ita. Ita ba ta tsayawa, tana nan tana cin ido har sai an wanke ta. An wanke da ruwa?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Da a lokacin an buɗe idon an yi ta kwarara masa ruwa mai yawa, ruwan famfo kawai, ba ƙaƙƙautawa, sannan aka kawo shi a ranar, da yanzu wata maganar muke yi. Mai da madara kuma wa ya ce a sa?" Ta juya wajen Manaja. "Mahaifinka ne?"

"Eh."

"Hm," kawai ta ce.

Idon dama ya tafi. Na hagu zai riƙa bambance haske da duhu, da inuwar mutum in ya gifta. Baba bai ji sauran bayanin ba. Ƙarar bokitin nan yake ji yana kifewa, da sanyin ruwan da ya bi ta ƙarƙashin gwiwoyinsa ya tafi magudana.

Da aka sallamo shi, gida ya cika da 'yan dubiya, kuma Madam ta tanadi amsar kowa. Ga wannan ta ce ƙaddara ce, ba mai tsallake tasa. Ga wancan ta ce dama idon ya fara yana, tsufa ne, ciwon ya zo ya tarar. Ga ƙawarta kuwa, a kicin, da muryar da ta ɗauka ba ta kai ɗakin ƙofa ba, ta ce, "Mutum an ce ya zauna ya huta, ya ƙi, sai ya sa hannu a komai. Ga rawar hannu. Ni yanzu ni ce a wahale, ga jinya ga oda ta taru." Manaja ya sayo masa baƙin tabarau na gayu, ya ɗora masa, ya ce, "Kai, Baba, ka koma saurayi." Aka yi dariya.

Ba a daɗe ba ya ji su suna shawarar keken ɗinki. Ya tare wuri, in ji Madam, kuma ga jarkoki ba inda za a jera su. Manaja ya ce a bari ya ɗan ƙara warwarewa kafin a yi masa maganar.

Wata ranar da ba makaranta, Baba yana zaune a bakin gadonsa, ya ji muciya tana bugun duro. Ya san sautin nan kamar bugun zuciyarsa. Amma wannan bugun gajere ne, ba ya kai ƙasan duron, yana yi yana tsayawa. Ya kasa kunne. Madam tana falo tana waya, yana jin ta tana cewa, "Kafin la'asar an gama, in sha Allahu." Motar Manaja ba ta nan. Sai ya ji wani ɗan siririn tari daga ƙuryar gida, busasshe, wanda ba ya fitar da komai.

Ya miƙe. Ya bi bango da tafin hannu, ya wuce famfo, ya yi tuntuɓe da jarka, ya isa ƙofar sito. A rufe.

"Amarya."

Bugun ya tsaya. "Na'am, Kaka."

"Zare sakatar nan."

"Mama ta ce kada in buɗe wa kowa."

"Ni ba kowa ba ne. Angonki ne. Buɗe."

Sakata ta yi ƙara. Warin ya bugi fuskarsa. Ya miƙa hannu ya laluba: ga 'yar kujerar da ta taka don ta kai bakin duro, ga kanta, ga fuskarta a jiƙe da gumi, ba komai a kanta. Ya shafo hannuwanta. Leda ce ɗaure da zare a wuyan hannu.

"Je ki famfo. Ki wanke hannu da fuska, ki yi ta wankewa har sai na ce ya isa. Maza."

Ya koma ɗakinsa da lalube, ya kama keken ɗinkin nan mai ƙafafun ƙarfe, ya fara ja. Ƙarfe yana kukan siminti, gwiwarsa tana ƙara, yana ja yana hutawa, har ya kai shi ƙuryar gida. Ya wangale ƙofar sito har bango, ya tokare ta da keken.

Ƙarar ce ta fito da Madam, waya a hannu. "Baba! Me ke nan? Ina yarinyar? Haɗin zai lalace fa!"

"Ba za ta ƙara shiga ɗakin nan ba."

"To wa zai yi? Ka san bayana. Ɗan juyawa ne kawai, ita ma ta koyi sana'a. Ba ga shi kowa da abin da yake yi a gidan nan ba, ban da..." Ta haɗiye sauran.

Baba ya laluba ya kama muciya. "Ni zan yi. Abin da zai ci a fuskata ya riga ya cinye."

Ya jira ta ce a'a. Ya jira ko kunya za ta sa ta ce, haba Baba, ajiye. Sai ya ji ta sauke ajiyar zuciya.

"To Baba, tunda ka ji ƙarfi. Allah ya saka da alheri. Dama zaman ba shi da daɗi." Ta tafi da sauri, ta dawo, ya ji ƙarar leda. Ta danƙa masa wani abu mai santsi a hannu. "Ga wannan ka sa, kada a ce ba ma kula da kai. Amma a kula kada ya karce."

Ya shafa. Tabarau ɗin hoto ne, mai rufe ido ta ko'ina. Ya juya shi a hannunsa, ya ji har yanzu da 'yar takardar kanti a jikinsa. Ya ɗora shi a kan keken ɗinki.

Irin gidan nan ba ɗaya ba ne. Ana wucewa ta ƙofarsu kullum, a ji ƙamshi, a ce masu gidan sun iya neman na kansu. Jarka tana fitowa da kyakkyawar takarda a jiki, ba a rubuta hannun wa ya dama ba. Wanda ke ciki kuwa kullum shi ne wanda ba zai iya cewa a'a ba: tsohon da ke jin nauyin kwanon da ake miƙo masa, ko yarinyar da sai ta taka kujera take kai bakin duro. Kuma in abin ya faru, ba a rasa sunan da za a sa masa. A ce apolo, a ce tsufa, a ce ƙaddara.

Famfo yana ta zuba, Amarya tana wanke fuska. A saman katanga Baba ya ga wata inuwa ta gifta ta tsaya, ya ji ana karkaɗe jiƙaƙƙen zani.

Madam ta kama ƙofar ta ja, keken ya ƙi motsi. Ta rage murya. "Baba, janye abin nan a rufe. Ga matar can a katanga. Za su gani fa."

Baba ya zura muciya har ƙasan duro, ya fara juyawa, fuskarsa a buɗe tana kallon hasken ƙofa.

"Su gani," ya ce. "Su ai suna da idon."